Garaya: Tsirkiya Biyu Da Ke Shirin Tsinkewa A Yammacin Kano

Kwanakin baya wata hidimar 'yan uwa ta kai ni Yammedi, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ƙaraye. Da yake lokacin kaka ne, an gama yankan dawa, aljihun manomi ya ɗan yi nauyi, sai na tarar ana ta bukukuwan aure. Da dare ya yi, abin da ya cika mini kunne shi ne ƙarar janareta da ta manyan lasifikoki, ga wani yaro zaune gaban kwamfuta yana sako waƙoƙin fiyano ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsa ba, zamaninsa ne. Amma sai na tambayi samarin da muke zaune tare a kan tabarma, ko akwai wanda ya taɓa ganin garaya ido da ido. Ɗaya ya ce ai ita ce goge. Wani ya gyara masa, ya ce a'a, ita ce abin nan da Ɗanmaraya yake kaɗawa. Na ukun, wanda ya fi su zurfin karatu, ya yamutsa fuska ya ce kayan 'yan bori ne, daga nan ya kawo wata magana daban. Duk cikinsu shi ya fi kusa da gaskiya, kuma amsarsa ce ta hana ni barci.

Dalili kuwa, wannan yanki na Ƙaraye da Rogo, wanda ya yi iyaka da ƙasar Katsina da ta Zazzau, shi ne irin ƙasar da garaya ta girma a cikinta: ƙasar dawa da fadamu, ta manoma da maharba, wadda har yau akwai gidajen Maguzawa a wasu sassanta. Idan a nan ɗan shekara ashirin bai san siffar garaya ba, to a ina za a san ta? A Bompai?

Bari in fara da siffar tata, domin na lura ba samarin karkara kaɗai ke buƙatar bayanin ba, har da mu masu takardun shaida a bango. Garaya abar kiɗa ce mai tsirkiya biyu. Masassaƙi ne ke fafe itace ya fitar da ƙoƙo mai siffar ƙwai, kamar ƙaramin akushi da aka ja ya yi tsawo, sannan a rufe bakinsa da ɗanyar fata, a ɗaure ta tamau ta bushe a kai. Fatar da aka fi so a da ita ce ta gada, in ba a samu ba a sa ta akuya. Sai a kawo mulmulalliyar sanda a soka ta cikin fatar, ta bi ta ƙarƙashi har kusa da ƙarshen ƙoƙon, inda ake barin kafa domin murya ta fita. Daga nan tsirkiyoyin ke tasowa, su hau kan ɗan abin da ke ɗaga su daga jikin fata, wanda makaɗa ke kira jaki, su miƙe har wuyan sandar. A can ba a yi musu abin murɗawa irin na jita ba. Da zoben fata ake ɗaure kowace, in makaɗi yana son muryarta ta hau sai ya tura zoben gaba, in yana son ta sauka ya jawo shi baya, kuma kunnensa ne kaɗai ma'auninsa. A kan sandar akan soka ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba, wanda ke karkarwa duk sa'ad da aka taɓa tsirkiya. Shi ne ke ba garaya 'yar zizar nan da kunnen baƙo ke ɗauka aibi ne, alhali a wurinmu ita ce gishirin kiɗan. Ba da yatsa tsirara ake kaɗa ta ba, da ɗan guntun ƙirgi ne mai tauri. Tsirkiyar kanta a da daga jikin dabba ake samo ta, yanzu kuwa galibi zaren roba ne irin na masunta, abin da ba ya wuyar samu ga wanda ke zaune kusa da madatsar ruwa ta Challawa.

Tana da dangi, kuma su ne suka rikita samarin nan. Akwai yayarta, komo, wadda wasu ke kira babbar garaya, da ake yi da babban duma maimakon itace, mai kaurin murya. Akwai molo mai tsirkiya uku, akwai gurmi na ƙoƙon duma, wanda Haruna Uji ya fito da sunansa. Akwai kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, wanda akan yi da gwangwanin kifi, shi ne na marigayi Ɗanmaraya Jos. Duk waɗannan kaɗa su ake yi. Goge da ƙaninsa kukuma kuwa gida ne daban, su goga su ake yi da izgar doki, shi ya sa muryarsu take ja kamar kuka, ta garaya kuma take faɗuwa ɗai-ɗai kamar sawun mai tafiya.

Mai karatu ya dubi kalmar nan tsirkiya da kyau. Ita ce dai kalmar da Bahaushe yake kiran igiyar bakan maharbi da ita. Harshe ba ya yin irin wannan haɗi a banza. A tsarin rayuwar Hausawa na gargajiya kusan kowace sana'a tana da makaɗanta da abin kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki na sarakuna. Garaya da komo kuwa na maharba ne. Fatar da ke jikinta maharbi ne ya kawo, tsirkiyarta sunan ta bakansa gare ta, kuma yabon da take yi nasa ne. Ban san wata abar kiɗa da ta fito daga cikin sana'ar ubangidanta gaba ɗaya haka ba.

Aikinta a wurin maharba ya wuce nishaɗi. Mutumin da zai shiga dawa shi kaɗai da dare, da baka da kwari ko da bindigar toka, yana buƙatar abin da zai tsayar masa da zuciya, kuma wannan abu shi ne takensa. Take a nan magana ce ake yi da tsirkiya. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kuka na ido da kuka ta miya ba sa rikita mai sauraro, ko da yake a rubuce iri ɗaya ne. Gwanin garaya yakan bi hawa da saukar muryar kalmomin kirari, ya fitar da su ba tare da ya buɗe baki ba, wanda ya san kirarin kuwa yana jin kowace kalma sarai. Maharbi na iya zaune cikin taro yana hira, a taɓa takensa ko na ubansa, ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya zabura ya miƙe yana kirari. A irin wannan fage ne ake ganin wasan da maharba ke yi na kwaikwayon sanɗa, wani ya ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya yana sara kamar tsuntsun, yadda suke yaudarar namun dawa har su kai inda kibiya za ta isa. Ana kiɗan in za a fita, ana yi in an dawo da nasara, ana yi ranar naɗin Sarkin Baka, ana kuma yi in babban maharbi ya kwanta dama.

Abin da ya kamata ɗan boko ya kula da shi a nan shi ne, waɗannan take-take kundin tarihi ne. A cikinsu ake jin sunan wanda ya kashe zakin da ya addabi gari, da dajin da abin ya faru, da wanda ya haife shi, da wanda ya koya masa. Tarihin Kano da muke alfahari da shi labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu, ya ambaci Ƙaraye ne saboda irin su Wambai Giwa. Ba ya gaya mana wanda ya fara sare dajin da ya zama Zarewa ko Gwangwan ko Turawa, alhali sanannen abu ne cewa garuruwa da yawa a ƙasar Hausa maharba ne suka kafa su. Inda za a nemi irin wannan labari shi ne bakin makaɗan maharba, kuma makaɗi ba ya tuna shi sosai sai garayarsa tana hannu.

To, yanzu sai mu zo inda saurayin nan ya yamutsa fuska. Gaskiya ya faɗa: a ƙasar Kano garaya ce babbar abar kiɗan bori, tare da 'yan buta da ke zaune gefen mai garaya suna kaɗa butocin duma masu tsakuwa a ciki. A wasu wuraren goge da ƙwarya ne ke wannan aiki. Masu bori sun yi imani da wani birnin iskoki da suke kira Jangare, mai gidaje da sarautu da auratayya kamar garin mutane, kuma kowane iska, Sarkin Rafi ne ko Ɗangaladima ko Kuturu ko Malam Alhaji ko Inna, yana da kiɗansa da ba a haɗa shi da na wani. Har maharba ma suna da nasu a ciki, Gajere mai baka, abin da ke nuna ta ƙofar da garaya ta shiga wannan fage. Saboda haka mai garayar bori sai ya haddace kiɗe-kiɗe masu yawan gaske, ya san wanda ke gaba da wanda ke biye, da wanda ba a kiransa in wani yana nan. Ba mu ne muka fara rubuta wannan ba. Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. David Ames da Anthony King sun buga ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, inda suka siffanta garaya da danginta dalla-dalla. Fremont Besmer kuma ya fitar da littafi sukutum a 1983 a kan makaɗan bori na Kano. Duk da Ingilishi, duk kuma a ɗakunan karatun da ɗan Yammedi ba zai taɓa shiga ba.

Kiɗan ma ya riga mu ƙetare Sahara. Baturen nan Tremearne, wanda ya buga littafinsa a kan bori a 1914, a Tunis da Tarabulus ya yi akasarin bincikensa, cikin Hausawan da bauta da fatauci suka kai can. A Maroko kuwa akwai jama'ar Ginawa, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashen baƙar fata, masu kiɗa da wata babbar 'yar uwar molo mai tsirkiya uku da suke kira gimbiri, kuma har yau sunayen Bambara da Fulani da Hausa suna fitowa a waƙoƙinsu. Masu binciken asalin banjo na Amurka ma, in suna lissafa kakanninsa na Afirka ta Yamma, sukan sa gurmi a ciki.

Ba na cikin masu cewa malamanmu sun tsani garaya ne don jahilci ko don ƙin al'ada. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya san abin da ta ce game da sauraron kayan wargi da gangan, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye a mazhabarmu ta Malikiyya bai sassauta wa masu tsirkiya ba. Masu jihadi sun tarar da bori a fadoji da kasuwanni, suka yaƙe shi, Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru domin ta janye mata daga gare shi zuwa karatu. Shi Bahaushe da kansa ya yi wa goge kirari da kan bidi'a. Amma yana da kyau a tuna cewa ko a tsakanin shugabannin jihadin maganar kayan kiɗa ba ta tafi a kan murya ɗaya ba. Bayan an kafa daula, Shehu Usmanu ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar a littafinsa Najmul Ikhwan, ya sassauta a wasu wurare, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya tsaya a kan tsanani a Liya'us Sulɗan. In waɗannan bayin Allah sun yi wa mas'alar muhawara ta ilimi, bai kamata mu mu sallame ta da yamutsa fuska ba.

Ni ba mufti ba ne, kuma ba ina kiran a koma bori ba, Allah Ya kiyashe mu. Abin da nake cewa ya fi haka sauƙi. Hukuncin kaɗa abu daban, hukuncin sanin sa da adana labarinsa daban. A zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato har gobe ana karanta waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da 'yan uwansa na zamanin jahiliyya, masu cike da giya da mata da kirarin ƙabila, ba don a yi koyi da su ba, sai don ba a iya sanin Larabci sosai in babu su. Alfarabi, wanda ya rasu a wajajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, inda ya auna tsirkiyoyin ɗamburar Bagadaza da ta Khurasan, kowace mai tsirkiya biyu kamar garayarmu. Ba don shi ba da ba a san yadda muryarsu take ba. Mu wa ya auna mana tamu?

Kuma kada mu ɗora wa wa'azi abin da ba shi kaɗai ya yi ba. Garaya ta rayu shekara ɗari biyu bayan jihadi, ana zaginta tana kiɗanta. Abin da ya karya ta a zamaninmu ya taru ne daga wurare da yawa. Na farko, dawa ta ƙare. Jama'a ta yawaita, gona ta cinye daji, tun 1992 da aka gama madatsar Challawa ruwa ya shafe wani yanki ya mai da 'ya'yan wasu maharban masunta da manoman rani. Gadar da za a rufe ƙoƙo da fatarta ma yanzu sai an sha wuya kafin a gan ta. In ubangida ya talauce, bara ba ya ƙiba. Maharban da suka rage da yawansu sun koma aikin sintiri da gadi, kuma mai gadi ba ya riƙe makaɗi. Na biyu, kiɗa a wurinmu sana'ar gado ce mai ƙaramin matsayi, wadda ake haɗa ta da roƙo, saboda haka ɗan makaɗin da ya samu ya shiga makaranta abin da ya fara yi shi ne ya nisanta kansa da ƙoƙon ubansa, don kada a goranta masa ranar neman aure. Na uku, daga shekarar 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, aka yi dokar Hisba a 2003, fagen wasan gargajiya ya ƙara ƙuncewa, kuma mai garayar maharba ya sha dukan da aka nufi mai garayar bori da shi, tunda daga nesa ba a bambanta su.

Na huɗun shi ne ya fi ba ni dariya mai ciwo. A daidai shekarun da ake korar garaya daga dandali, fiyanon Yamaha ya shigo ta ƙofar fina-finan Hausa ya zauna daram. Yaro ɗaya a ɗaki ɗaya yana fitar da muryar ganga da sarewa da goge da maɓalli, ba ya buƙatar masassaƙi, ba ya buƙatar fata, ba ya buƙatar shekara goma a gaban wani tsoho. Ba mu daina kiɗa ba ke nan, ko alama. Kiɗan da ake yi a Kano yau ya ninka na zamanin kakanninmu. Namu ne kawai muka daina, muka ari na Indiya.

Akwai wata ƙasa da ta taɓa shiga irin wannan hali, kuma labarinta ya cancanci a ji shi. A kudancin Italiya, a yankin Salento, talakawan karkara sun daɗe da wata al'ada mai kama da bori ƙwarai. Mace, galibi mai aikin gona, takan faɗi ciwo a ce wani gizo-gizo mai dafi ne ya cije ta, sai a kira makaɗa da gogen Turawa da bandiri da jita su yi ta kiɗa, ita kuma tana birgima da rawa kwana da kwanaki har abin ya sake ta, daga nan a kai ta wani ɗakin ibada a garin Galatina. Shugabannin coci ba su so abin ba, 'yan bokonsu kuma kunyarsa suke ji, suna ganin alama ce ta ci-bayan kudu. A 1959 wani masani, Ernesto de Martino, ya tafi can da tawaga wadda ta haɗa da likitan ƙwaƙwalwa da masanin kiɗa, suka ɗauki sauti da hotuna, suka zauna da makaɗan, ciki har da wani wanzami mai goge, Luigi Stifani, littafin kuma ya fito a 1961. Al'adar kanta ta mutu, ba wanda ya tashe ta, ba kuma wanda yake kewarta. Amma kiɗan bai bi ta kabari ba, saboda an riga an kama shi. Tun 1998 ake yin bikin shekara-shekara na wannan kiɗa a ƙaramin garin Melpignano, inda dubban mutane ke taruwa, masu sassaƙa kayan kiɗa suka samu kasuwa, jikokin waɗanda suka ji kunya suka koma neman tsofaffin faya-fayen.

Wani zai ce ai waɗannan Nasara ne, ba ruwanmu da su. To, mu dawo gida. Maroko ƙasar Musulmi ce, 'yan Malikiyya irinmu, kuma Ginawa sun daɗe a can ana yi musu kallon da muke yi wa masu garaya. A 1998 aka fara bikin kiɗansu a garin Essaouira, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Imzad, gogen da matan Abzinawa ke gogawa, ya shiga wannan jeri tun 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar, bayan da aka buɗe makarantar koyar da shi a Tamanrasset lokacin da tsofaffin da suka iya suka kusa ƙarewa. Misalin da ya fi kusa da zuciyata shi ne na Malam Mamman Barka na Nijar, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, wanda ya rasu a 2018. Da ya ji cewa biram, abar kiɗan masuntan Buduma na tafkin Cadi mai tsirkiya biyar, saura mutum ɗaya ya iya ta, sai ya tattara ya tafi can a farkon shekarun 2000, ya zauna gaban tsohon nan Bukar Tar ya koya. Tsohon ya rasu ba da daɗewa ba. Da Mamman Barka ya yi jinkirin 'yan shekaru, da biram ta zama hoto a gidan tarihi.

Ba na cewa mu ba mu yi komai ba. Malamanmu na jami'a, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun yi aikin da ba za a iya biyansu ba wajen tattara waƙoƙin baka da tarihin makaɗa. Gidan rediyon Kaduna ya ɗauki muryoyi da yawa tun daga shekarun 1960. Amma in mai karatu ya lura, akasarin ƙoƙarinmu ya tafi ne a kan kalmomin waƙa, domin sassan Hausa ne ke aikin, su kuwa adabi suke nema. Sautin kansa, da yadda ake ɗaure tsirkiya, da itacen da ake zaɓa, da yadda yatsu ke tafiya a wuyan sanda, ba su samu mai kula da su sosai ba. Sannan mun fi karkata ga makaɗan fada da na birni. A Disambar 2024 hawan sallar Kano ya shiga jerin UNESCO, abin farin ciki, kakaki da algaita da tambari sun samu inuwa. Kiɗan talaka na ƙauye, wanda ba shi da sarkin da zai hau doki a gabansa, shi ne aka bari a rana.

Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, ya riga ya nuna mana cewa abar kiɗa ba ta da laifin kanta sai abin da aka ɗora mata. Da gwangwani da tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zagaya ƙasashen duniya, ya karɓi lambar girma ta ƙasa, kuma ban taɓa jin wanda ya kira kuntigi kayan ashsha ba. Garaya tana da tsirkiya biyu, ta fi kuntigi faɗin murya, abin da ta rasa shi ne irin wannan mutum.

Aikin da nake gani a gabanmu ba ya buƙatar biliyan. Masarautar Ƙaraye, wadda aka ƙirƙira a 2019, aka rushe a watan Mayun 2024, aka kuma maido da ita a matsayin mai daraja ta biyu a watan Yulin shekarar, ta ƙunshi Ƙaraye da Rogo, mazaɓu ashirin ke nan. Tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma babu mai unguwar da bai san gidan makaɗa da gidan maharba na unguwarsa ba. Cikin wata guda za a iya sanin masu garaya da komo nawa suka rage da rai, da masassaƙa nawa suka iya fafe ƙoƙonta. Daga nan sai cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da hukumar tarihi da al'adu ta jiha su tura ɗalibai, ba da takarda da biro kaɗai ba, har da na'urar ɗaukar hoto da sauti, wadda yau tana aljihun kowa. A ɗauki kowane take da sunan mai shi da labarinsa, a ɗauki sassaƙar garaya tun daga saran itace har ɗaurin zobe, a biya tsofaffin haƙƙinsu, a ajiye kwafi a Gidan Makama, a kuma ajiye wani a Ƙaraye inda jikokinsu za su iya zuwa su ji. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ɓangaren bori ba, ya fara da na maharba, shi kaɗai ma ya ishi mutum aikin shekaru. Mu kuma 'yan yankin da ke Kano da Kaduna da Abuja, masu ƙungiyoyin ci-gaban gari da ke tara kuɗin kalanda da liyafar sallah, kuɗin liyafa ɗaya zai ɗauki nauyin ɗalibi guda har ya gama.

Washegari kafin in bar Yammedi na sake tayar da maganar a gaban wani dattijo da muka gaisa da shi bayan sallar asuba. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce ya san wani gida a wani ƙauye can wajen Rogo inda garaya take rataye a bangon ɗaki, mai ita ya rasu shekarun baya, fatar ta tsage, tsirkiya ɗaya ta tsinke. 'Ya'yan sun rasa yadda za su yi da ita: babban yana son a ƙone ta, ƙaramin ya ce a bari ko wani zai saya. Na tambaye shi ko akwai wanda ya iya gyara ta. Ya ce akwai wani tsoho, amma ya kwana biyu bai ji labarinsa ba, zai tambaya ranar kasuwa.